Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin kamfanonin da suka girma a gida suka buɗe rassa a ƙetare

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Wannan wasiƙa taku ce, ku da kamfanoninku suka tashi a garin da kusan kowa sana'a ɗaya yake yi, garin takalma ko na tabarau ko na tayil ko na kayan tiyata, har kuka kai matsayin da in an ambaci garin ku ake fara tunawa. Yau ofishinku yana wata nahiya, masana'antarku tana wata, masu sayen kayanku suna ta uku. Ina taya ku murna, kuma ba da baki biyu nake faɗa ba. Kamfanin da ya ƙi fita kasuwar duniya a wannan zamani, kasuwar za ta biyo shi har gida ta same shi bai shirya ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da fitarku take jefa waɗanda kuka bari: mai ƙaramin wurin da yake yanka muku fata, maƙerin da yake sarrafa muku mazubi, makarantar koyon sana'ar da take cika muku ma'aikata, da ƙungiyar masu masana'antu da a da ba kwa fashin taronta.

Tun 1890 masanin tattalin arziki na Ingila, Alfred Marshall, ya lura da abin da yake faruwa idan masu sana'a ɗaya suka taru a wuri guda, kamar maƙeran wuƙaƙe na birnin Sheffield a Ingila. Ya ce asirin sana'a yakan daina zama asiri, sai ka ce a cikin iska yake, har yara su tashi da shi ba tare da sun san sun koya ba. Daga baya Giacomo Becattini ya farfaɗo da wannan tunani don bayyana garuruwan masana'antu na Italiya, Michael Porter kuma ya yayata shi a 1990 har gwamnatoci suka shiga rububin kafa irin waɗannan gungu da hannu. Ku ba kwa buƙatar littafi ya gaya muku. Kun san yadda ake aika wa maƙwabci zane da safe ya dawo da samfuri kafin yamma. Kun san wanda ya ba ku kaya bashi lokacin da banki bai san sunanku ba, ba don wata takarda ba, don dai ya san ba za ku iya cin amanarsa ku ci gaba da zama a garin ba. Kun san ma'aikacin da ya bar abokin hamayyarku ya zo muku da dabarar da ba ku biya ko sisi a kanta ba, kamar yadda naku ya tafi da taku. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da akawunku ya taɓa rubutawa a littafin kadarori, shi ya sa idan aka zo lissafin ribar komawa wata ƙasa ba a ganin su a ɓangaren asara.

Bari mu fara da kwarin Sinos da ke jihar Rio Grande do Sul a kudancin Brazil, domin a can an ga abin ƙuru-ƙuru. Daga shekarun 1970 yankin Novo Hamburgo ya zama babbar cibiyar fitar da takalman mata na fata zuwa Amurka. Masu jima, masu ƙera injuna, masu yin dunduniya da tafin takalmi, dillalan fitar da kaya, duk suna cin abinci a sana'a ɗaya. Da takalman Chaina masu araha suka fara cinye kasuwar Amurka, ƙungiyoyin yankin suka ga cewa mafita ita ce a haɗa kai a hau mataki na gaba: a riƙa zana takalmi a gida, a sayar da shi da sunan Brazil, a daina zaman jiran mai saye ya aiko da zanensa da farashinsa. A shekarun 1990 aka yi yunƙurin haɗa wannan shiri. Hubert Schmitz, wanda ya bi diddigin yankin tsawon shekaru, ya nuna cewa shirin ya tsaya ne saboda wasu daga cikin manyan masu fitar da kaya ba su sa ƙarfinsu a ciki ba. Alaƙarsu da manyan masu saye na Amurka ta fi musu muhimmanci, kuma mai sayen da yake riƙe da zane da sunan kaya ba zai yi farin ciki da ganin mai yi masa aiki ya fara gasa da shi ba. Ku lura, a wannan mataki babu wanda ya tumɓuke masana'anta ya kai ta ƙetare. Injuna suna nan, ma'aikata suna nan. Biyayya ce kawai ta koma waje, kuma hakan ya isa ya karya ƙashin bayan haɗin kan gida. Daga baya ma ƙwararrun masu takalma na yankin da dama suka bi aikin zuwa Dongguan a Chaina, suka je suka koyar da waɗanda suka ƙwace musu kasuwa.

Wannan ita ce hanya ta farko da babban kamfani yake raunana garinsa, wadda ba a cika magana a kanta ba, kuma a ganina ta fi haɗari, domin ba ta yin ƙara. Rufe masana'anta yana jawo jarida da zanga-zanga. Shugaban kamfanin da ya daina zuwa taron ƙungiya, ya fara aiko da ƙaramin ma'aikacin da ba shi da ikon cewa e ko a'a, babu mai rubuta labarinsa.

Hanya ta biyu ita ce wadda kowa ya sani, ɗauke aiki a kai inda lada ya fi sauƙi. Bayan rushewar gwamnatocin gurguzu a gabashin Turai a 1989, masu masana'antun takalma da tufafi na yankin Veneto a Italiya suka kwarara zuwa Romaniya, musamman Timișoara, har aka riƙa yi wa birnin laƙabi da lardi na takwas na Veneto, yankin da larduna bakwai gare shi. Montebelluna, garin Veneto da ya yi suna da takalman wasanni da na zamiya a kan ƙanƙara, ya tura yawancin aikin yanka da ɗinki waje, ya riƙe zane da gwaji da talla. Ta wata fuskar dabarar ta yi aiki: garin bai mutu ba, manyan kamfanonin duniya ma sun ci gaba da zuwa neman ƙwarewarsa. Amma a tambayi ƙananan masu ɗinkin saman takalmi da suke karɓar aiki daga manya. Wanda yake da ƙarfi ya bi ubangidansa zuwa Romaniya ya buɗe wuri a can, wanda ba shi da shi ya rufe.

A nan ne nake so ku tsaya ku yi tunani, domin akwai wata magana da ake yawan faɗa a ɗakunan taronku: hannu ya tafi waje, ƙwaƙwalwa ta zauna a gida. Maganar tana da daɗin ji. Matsalarta ita ce a sana'o'i da yawa ilimin ba a teburin zane ake haifarsa ba. Mai zanen takalmi yana ƙwarewa ne saboda mai ɗinki ya dawo masa da zanen ya ce wannan lanƙwasa fata ba za ta ɗauka ba. Injiniya yana gano sabuwar dabara ne saboda ya ga inda injin yake cijewa a rana ta uku ta aiki. Idan mai ɗinkin yana nisan tafiyar jirgin sama, wannan 'yar gardama ta kullum ta ƙare, sai dai rahoto a kwamfuta. Shekarun farko ba za ku ji komai ba, saboda tsofaffin ma'aikatanku sun taso a cikin masana'anta, suna ɗauke da ilimin a kansu. Ranar da suka yi ritaya, waɗanda za su gaje su ba su taɓa jin warin gam ba. Gary Pisano da Willy Shih na jami'ar Harvard sun yi wa Amurka irin wannan gargaɗi a 2009, cewa idan ƙera kaya ya bar ƙasa, iya ƙirƙirar sabon kaya yakan bi bayansa. Can kuma inda kuka kai aikin, sabon gungu yana tsirowa, yana koyon abin da naku yake mantawa.

Akwai kuma hanya ta uku, wadda kamfani bai bar gari ba amma ya daina buƙatar garin. Leonardo Del Vecchio ya kafa Luxottica a Agordo, cikin lardin Belluno a arewacin Italiya, a 1961, yana ƙera wa wasu kamfanoni sassan tabarau. Wato shi ma ɗan kwangila ne a farko. Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 1990, ya sayi shagunan LensCrafters a 1995, ya sayi tambarin tabarau na Ray-Ban a 1999, na Oakley a 2007, ya haɗe da Essilor na Faransa mai yin gilashin tabarau a 2018. A adalci, bai yi watsi da Agordo ba. Har yau dubban mutane suna aiki a masana'antarsa ta can. Sai dai salon girmansa shi ne tattara komai a hannunsa, daga zane zuwa ƙira zuwa shagon da ake sayarwa, tare da masana'anta a Chaina. Yankin da a da yake cike da ƙananan masu tabarau masu cin gashin kansu ya koma yankin 'yan manyan kamfanoni kaɗan da ma'aikatansu. Albashi yana shigowa, ba a musu. Tambayar da take damuna ita ce: a irin wannan tsari, ta wace ƙofa wani Del Vecchio zai sake fitowa?

Garin da ya rataya rayuwarsa a wuyan kamfani ɗaya kuwa, Finland ta nuna mana ƙarshensa. A wajajen shekarar 2000 Nokia ita kaɗai tana samar da kusan kashi 4 cikin ɗari na arzikin ƙasar. Kamfanonin da suke haɗa mata sassa sun girma da girmanta, sun bi ta ƙasa-ƙasa suna buɗe masana'antu kusa da nata. Da ta karkata ga masu kawo kaya na Asiya, kasuwarta kuma ta fara zamewa, sai suka rasa madafa. Elcoteq, ɗaya daga cikin manyansu, ya durƙushe a 2011. A 2012 aka rufe masana'antar wayar Nokia da ke garin Salo, ta ƙarshe irinta a Finland. Abin da ya faru a waje ma darasi ne: Nokia ta rufe masana'antarta ta Bochum a Jamus a 2008 ta koma Jucu kusa da Cluj a Romaniya, sannan ta rufe ta Jucu ɗin a 2011. Wanda aka yi wa murnar samun baƙo bai gama shimfiɗa ba baƙon ya tashi. Abu ɗaya da za a yaba mata shi ne shirin Bridge da ta ɓullo da shi a 2011, wanda ya taimaka wa ma'aikatan da aka sallama da horo da jarin fara nasu kamfanonin. Birnin Oulu na Finland ya farfaɗo da irin waɗannan injiniyoyi. Amma shirin ya zo ne bayan gini ya riga ya tsage.

Kada ku ɗauka ina kiran ku da ku kulle ƙofa ku zauna. Gungun da ya rufe kansa shi ma ajalinsa yake kira. Gernot Grabher ya nuna a 1993 yadda ƙaƙƙarfar alaƙar da ke tsakanin kamfanonin kwal da ƙarfe na yankin Ruhr a Jamus, da masu kawo musu kaya da 'yan siyasarsu, ta zame musu tarko: kowa yana jin ra'ayin da ya riga ya sani daga bakin wanda ya riga ya sani, har duniya ta canja ba su farga ba. Masu agogo na Switzerland sun ƙera samfurin agogon kwatz mai aiki da batir tun 1967 a Neuchâtel, amma masana'antarsu ta yi nawa wajen rungumarsa. Seiko na Japan ya fitar da nasa kasuwa a 1969, kuma daga 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980 ma'aikatan agogo a Switzerland suka ragu daga kusan 90,000 zuwa wajen 30,000. Zumunci kaɗai ba ya hana sana'a tsufa.

Saboda haka gari yana buƙatar wanda zai fita ya gano abin da duniya take ciki, kuma ku ne kuke da kuɗin jirgi da lauyoyi da masu fassara. Harald Bathelt da Anders Malmberg da Peter Maskell sun bayyana wannan a 2004: gungu mai lafiya yana buƙatar hirar cikin gida wadda ilimi yake yawo a cikinta kyauta, yana kuma buƙatar hanyoyin da suke shigo da sabon ilimi daga nesa, kuma kowanne yana ƙarfafa ɗayan. Abin da ba a cika jaddadawa ba shi ne cewa hanyar nan ta nesa a ofishinku take ƙarewa. Ku ne kuke fara jin cewa wata ƙasa za ta hana wani sinadari, ko masu saye sun fara neman wata shaidar inganci, ko wani sabon inji ya fito. Ko labarin ya isa ga maƙerin da ke bayan katangarku ko ya tsaya a aljihunku, ku ne masu yanke wannan hukunci, kuma yawanci kuna yanke shi ba tare da kun san kun yanke ba.

Sialkot ta Pakistan ta nuna yadda abin yake idan labarin ya isa ga kowa. A 1994 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta taƙaita shigo da kayan tiyata na garin saboda rashin cika ƙa'idojin inganci. Da kowane babban kamfani ya gyara nasa shi kaɗai ya bar sauran, da an wayi gari da 'yan tsirarun masu fitar da kaya a kan kangon ƙananan maƙera. Maimakon haka ƙungiyar masu ƙera kayan tiyata ta shiga gaba, da tallafin gwamnati aka ɗauko ƙwararru suka horar da kamfanoni, kamar yadda Khalid Nadvi ya rubuta, garin ya dawo kasuwa. 'Yan kasuwar garin nan su ne suka haɗa kuɗi suka gina filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa da aka buɗe a 2007. Ba ina cewa komai lafiya ba ne a can. Yarjejeniyar Atlanta ta 1997, wadda aka ƙulla don hana sa yara ɗinkin ƙwallon ƙafa, wata babbar sana'ar garin, ta mayar da ɗinkin daga gidaje zuwa cibiyoyin da ake sa wa ido, mata da yawa da suke ɗinki a cikin gidajensu suka rasa aikin. Manufa ce mai kyau da aka tsara daga nesa, ta zo ta sauya wanda yake samu da wanda ba ya samu a cikin gari. Ko ƙa'idar da kuka sa wa hannu a otal a wata ƙasa tana da wanda take taka wa ƙafa a gida, kuma ku kaɗai ne a teburin da kuka san shi.

Taiwan kuma ta nuna cewa fita tana iya zama hanyar dawowa. An buɗe dandalin kimiyya na Hsinchu a 1980, injiniyoyin da suka yi shekaru a kamfanonin Amurka suka riƙa komowa da ilimi da abokan hulɗa. Morris Chang, bayan doguwar hidima a kamfanin Texas Instruments na Amurka, ya kafa TSMC, kamfanin ƙera ƙananan ƙwaƙwalen na'urorin lantarki, a 1987. AnnaLee Saxenian ta yi nazarin irin waɗannan mutane masu ƙafa ɗaya a California ɗaya a gida, ta nuna yadda suka haɗa yankunan biyu ba tare da ɗaya ya tsotse ɗaya ba.

To me nake roƙo a wurinku? Ba sadaka ba. Garin da ya raine ku ba almajirinku ba ne, kuma ɗaukar nauyin ƙungiyar ƙwallon gari ko gina shataletale mai ɗauke da sunan kamfani ba shi ne biyan bashin ba. Abin da ya fi komai shi ne ku bar wani yanki na ainihin ƙira a gida, ko da ya fi tsada: samfurin farko, kaya masu wuyar yi, ƙananan oda na gaggawa. Ku lissafa wannan tsadar a matsayin kuɗin makarantar injiniyoyinku na gobe, domin abin da take ke nan. Idan za ku buɗe masana'anta a ƙetare, ku duba cikin masu kawo muku kaya wa zai iya bin ku, ku ba shi kwangila mai tsawon da banki zai yarda ya ba shi rance a kanta. Kamfanonin motoci na Japan sun yi haka lokacin da suka shiga Amurka a shekarun 1980, masu yi musu sassa irin su Denso suka girma tare da su. Wanda ba zai iya bi ba, ku gaya masa gaskiya da wuri. Mutumin da ya sayi inji saboda odarku, ya ɗauki ma'aikata saboda odarku, bai cancanci ya ji labarin tafiyarku a jarida ba. Yin haka shi ne cin moriyar ganga a yada kwaurenta, kuma sauran masu kawo muku kaya suna kallo, har da na sabuwar ƙasar da kuka je.

Sai batun ƙungiya da makaranta. Ku koma taron da kanku. Idan mai saye na waje ya zo da sabuwar ƙa'ida, ku kai ta gaban ƙungiya a nemi ɗakin gwaji ɗaya da kowa zai yi amfani da shi, maimakon ku gina naku ku kulle. Na san abin da za ku ce: me zai sa in koya wa abokin hamayyata? Amsar ita ce shi ma abokin hamayyar yana horar da ma'aikacin da za ku ɗauka baɗi, yana kuma riƙe da maƙerin da ku kaɗai ba za ku iya ba shi aikin da zai ishe shi rayuwa ba. Ranar da maƙerin ya rufe, ku duka kuka rasa shi. Injunan da kuka daina amfani da su kuma kada su zama su ne kaɗai abin da makarantar koyon sana'a take samu daga gare ku. Ɗalibin da ya koyi injin shekara ashirin baya ba zai amfane ku ba.

Ga hukumomin da suke zuba kuɗin jama'a don taimaka muku fita, su ma ina da kalma ɗaya ta hannunku: ya kamata tallafin ya zo da tambayar abin da zai dawo gida, kuma ku ne ya dace ku fara yarda da wannan sharaɗi kafin a ɗora muku shi.

Nan gaba kaɗan wata takarda za ta zo gaban kwamitin daraktocinku, mai nuna nawa za a rage idan aka mayar da wani sashe na aiki wata ƙasa. Ina roƙon ku sa a haɗa ta da shafi na biyu: sunayen kamfanonin gida da za su rasa oda, kashi nawa na cinikin kowannensu ne odar taku, wace ƙwarewa ce babu mai ita a yankin sai su, da ranar da za a sanar da su. Ku karanta shafukan biyu kafin ku ɗaga hannu.

Wassalam.